Makunnin da ke Bayan Ƙofa

Na sauka a ƙasar Larabawan nan da takarda a hannuna mai cewa ni injiniyan kwamfuta ne. Ban kai ga fita daga filin jirgi ba wani mutum mai tumbi ya miƙo hannu ya karɓi fasfona, ya jefa shi cikin leda tare da na wasu mutum takwas. Na tambaye shi yaushe za a dawo mini da shi, ya ce, "Bukra," wato gobe. Wata goma sha ɗaya na yi a ƙasar ina jiran goben nan.

Sunana Isyaku. Ni ne ɗan fari a gidan Malam Sale, a wani ƙauye da ke bayan Dawakin Tofa, inda gonaki suka matsu da juna har kana iya yi wa maƙwabcinka sannu da aiki ba tare da ka ɗago daga kan fartanya ba. Na yi karatun kwamfuta a Kano, na shekara huɗu ina gyare-gyare a shagon wani, kullum ina cika baki wai basirata ta fi ƙarfin wurin. Mai irin wannan baki ba ya wuyar kamawa. Ejan ɗin da ya yi mini hanya cewa kawai ya yi ofis ne mai esi da kujera mai juyawa, na ce a miƙo biro.

Zangon farko sansanin ma'aikata ne a bayan gari, mu takwas a ɗaki ɗaya, gado a kan gado. Washegari aka ba ni hular kwano da tsani. Injiniyancin da aka kawo ni yi shi ne in shiga cikin silin na sababbin gine-gine ina jan wayar netwok a kan ciki, kamar gafiya. Zafin ƙasar nan ba irin namu ba ne, namu yana ƙona fata, nasu dafa mutum yake yi da tururi. A sati na biyu na sume a kan tsani. Wani ɗan Nepal da ke kwana a gadon da ke ƙasa da nawa shi ya tare ni, ya jiƙa gishiri da lemon tsami a gorarsa ya ɗura mini. Ba ya jin Hausa, ba na jin yarensu, amma tun daga ranar kullum da safe sai in tarar da rabin lemo a kan takalmina. Har ya bar sansanin ban iya faɗin sunansa daidai ba.

Abinci shinkafa ce da wani ɗan wake ja da ake dafawa ya narke, safe da yamma. Na taɓa raina tuwon dawa da miyar kuka a gidanmu, har na ce wa Inna mutum ba ya ci gaba da irin wannan abinci. A sansanin nan na sha mafarkin kwanon tuwon, kuma ko a mafarkin ba a bari in kai loma.

Ranar Juma'a nake kiran gida. Baba da Inna duka suna yi mini kunyar ɗan fari, ban taɓa jin sunana a bakin ɗayansu ba. In Baba zai ambace ni sai ya ce "wancan na ƙasar waje". Hirarmu a waya ba ta wuce minti guda. "Kuna lafiya? Ya aikin? To, madalla. Ga ƙanwarka." Sai ya miƙa wa Kulu, wadda take bi na, ita ce bakinsu ita ce kunnensu. Ban taɓa gaya musu a cikin silin nake yini ba. Hoton da na tura musu a bakin wani ofis na ɗauka, wanda ko shigarsa ban yi ba.

A wata na tara kwamfutar shugaban kamfaninmu ta ƙi tashi. Mudir muke kiransa, gajere ne mai yawan carbi da yawan tsawa. Wani ya ce masa akwai baƙar fata ɗaya a cikin masu jan waya da ke taɓa kwamfuta. Cikin rabin awa na tayar masa da ita. Ya dube ni sama da ƙasa kamar mai taya rago, ya ce daga yau na bar silin. Na koma sansani ina tafiya da ƙyar don alfahari, na ce mai nema yana tare da samu.

Ba a daɗe ba ya ba ni aikin da ya zama sanadin wannan labari. Wata cibiyar koyar da ma'aikatan ofis ta ba kamfaninmu kwangilar haɗa babban zaure mai kwamfuta sittin. Injiniyan da ya fara aikin ya samu inda ya fi, ya gudu ya bar shi. Abin da ake so ba shi da wuyar faɗa. Kowace kwamfuta idan an kashe ta da yamma tana goge duk abin da ɗalibai suka yi a kanta. Da safe idan ta tashi, kafin kowa ya taɓa ta, sai ta bi ta wayar netwok ta je wurin saba, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da manhajoji, ta ɗauko manhajar darasin ranar ta girka wa kanta. Mudir ya ce, "Ina so su tashi da kansu, su ɗauko da kansu. Ba hannun mutum."

Ina tsakiyar wannan aiki Kulu ta kira ni ranar Talata, ba ranar kiranmu ba. Damina ta yi nisa a gida, ana maimai, wato noma na biyu. Ta ce Baba ya faɗi a gonar gero, an kai shi asibiti a Kano, amma jikin da sauƙi. Ni Bahaushe ne, na san nauyin "da sauƙi".

Na ce, "Kulu, yana cin abinci?"

"Yana shan kunu."

"Sallah fa, a tsaye yake yi?"

 Sai ta ce, "Yaya, in da hali ka zo. Shi ba zai ce ba, ka san shi. Ni ce nake cewa."

Na sami Mudir a ofishinsa na gaya masa. Bai yi mini tsawa ba, har addu'a ya yi wa Baba. Sai ya buɗe durowa ya nuna mini fasfona a cikin ledar nan, ya mayar ya rufe. Ya ce duk ranar da mai duba aiki daga cibiyar ya sa hannu a takarda, a ranar zai ba ni fasfo da tikiti. Ya tambaye ni kwana nawa nake buƙata. Da na roƙe shi, da na durƙusa, wataƙila da ya sassauta. Amma bakin nan nawa ya riga ni. Na ce kwana biyu sun isa.

A nan sai na koma baya kaɗan, don a gane abin da na yi. Ina ɗan shekara goma sha huɗu aka kawo wuta ƙauyenmu. Ba ta shekara ba, wata rana duk muna gona ta zo da ƙarfi, ta bi gida gida tana ƙona kaya. A gidanmu ta cinye rediyon Baba da firjin da Inna ke yin ƙanƙarar zoɓo, wayar ɗaki ta kama, saura ƙiris ta lasa rumbu. Baba bai yi faɗa da kowa ba. Ya kama hannuna ya kai ni gindin katawut, ya nuna mini yadda ake zare shi. Ya ce, "Daga yau aikinka ne. In za a fita, ka cire. Wuta baƙuwa ce, ba a barin baƙo shi kaɗai a ɗaki." Shekara goma ina cire katawut a gidanmu. Bayan na tafi shi ya ci gaba da cirewa da hannunsa. A shagon da na yi aiki a Kano ma haka muke yi, kowa haka yake yi, wanda bai yi ba ya ga hayaƙi.

To a bayan ƙofar zauren nan akwai akwatin wuta mai babban makunni. Ni da kaina na saita kwamfutocin su tashi da zarar wuta ta shigo musu. Da yamma in na gama sai in kashe su, in ja makunnin ƙasa, in tafi hankalina kwance. Da safe in ɗaga shi, duk sittin su farka tare. Har daɗi nake ji, ina ganin na haɗa dabarar Bature da tarbiyyar gida. Ban taɓa tsayawa na tambayi kaina ba ko a garin da ban taɓa ganin an ɗauke wuta ba akwai abin da nake karewa.

Ranar farko mai duba aikin ya zo ƙarfe bakwai daidai, siririn mutum mai tabarau wanda ba ya zama ba ya murmushi. Maigadi ya buɗe mana, na ɗaga makunni, fuskokin kwamfuta sittin suka kawo haske. Na harɗe hannu ina jira. Suka gama tashi fayau, ba manhaja ko ɗaya. Kowace ta rubuta abu guda: ta nemi saba ba ta same ta ba. Na ruga na zauna gaban ɗaya na gwada netwok, lafiya ƙalau. Na kashe ta na kunna, ta je ta ɗauko manhajar ta girka kamar ba ita ba.

Mutumin ya ce, "Ba a turo ni in kalle ka kana danna maɓalli ba. Gobe ƙarfe bakwai."

Wannan shi ne azabar aikin. Da rana komai yana tafiya daidai. Na kashe su na kunna sau ba adadi, suna ɗaukowa. Na ja makunnin bayan ƙofa na jira minti biyar na ɗaga, suka ɗauko. Na jira rabin awa, suka ɗauko. Cutar ba ta fitowa sai da safe, sau ɗaya a yini. Duk abin da na zata, sai na kwana kafin in san ko shi ne. Kowane zato kwana guda yake ci, kuma kwanakin na Baba ne.

Na fara zargin kawunan wayoyi, na yini ina yanke su ina matsa sababbi har yatsuna suka yi kanta. Da safe ba abin da ya canza. Na ce to saba ce ke yin barci in an daɗe ba a neme ta ba, na hana ta barci. Ba ita ba ce. Na ce lambobin adireshin da ake raba wa kwamfutoci ne ba sa isa, na ƙara yawansu. Na daidaita agogonsu da na saba har daƙiƙa. Na umarce su su jira netwok minti guda cur kafin su wuce, ina ganin ko kurma ne ya amsa sallama cikin minti guda. Rana ta biyar guda biyu a layin baya suka ɗauko, tsofaffi ne masu nauyin tashi, sai sun gama nishinsu sauran sun daɗe da buɗe ido. Da ina da natsuwa da a nan na tsaya na yi tunani. Maimakon haka na ɓata yini guda ina kwafe saitinsu zuwa sauran.

Akwai wuri ɗaya da ban duba ba. Duk wayoyin zauren suna taruwa ne a wani akwatin ƙarfe da ke ƙaramin ɗaki a bayan bango, inda na'urar da ke rarraba netwok take, suwic muke ce mata. Wani kamfani daban ne ya kafa shi ya kulle. Na nemi makulli, Mudir ya shimfiɗa mini zanen ginin, ya nuna da yatsa cewa akwatin yana da layin wutarsa daban da batirinsa, in daina neman wanda zan ɗora wa laifi. Na yarda da takarda. A ɗakin nan maigadi yake ajiye butar shayinsa da dardumarsa. Dattijo ne ɗan Sudan, Baba Adam, baƙi dogo mai farin gemu. Ran da na fara zuwa ya dube ni ya ce da wata tsohuwar Hausa mai nauyi, "Kai ɗan ƙasa ne?" Ya ce kakansa daga ƙasar Kano ya taso a ƙafa zai je Makka, hanya ta riƙe shi a Sudan. Kullum sai ya yi mini tayin shayi, kullum ina ce masa sai an jima. A raina ina cewa ni da na fito daga silin da ƙyar, ba zan koma zaman ɗakin maigadi ba.

Rana ta shida Kulu ta kara wa Baba waya a kunne. Muryarsa ta yi ƙasa sosai, sai na toshe ɗaya kunnen nake ji.

"Injinan naka sun tashi?"

"Sun kusa, Baba."

"To. A yi a hankali. Kada a bar wa mutane aiki rabi."

"In sha Allahu, Baba. Ya jikin?"

"Da sauƙi." Ya yi numfashi biyu. "Kana dai kashe musu wutar in za ka tashi ko?"

"Ina kashewa, Baba."

"Madalla. Ga ƙanwarka."

Hirarmu ta ƙarshe ke nan. Na ajiye wayar ina jin daɗi a raina cewa ko ba komai akwai abu ɗaya da nake yi daidai.

Daga nan kwanakin suka cakuɗe mini. Ranar Juma'a mai duba aiki ba ya zuwa, na yi asarar safiya guda a banza. Na koma wurin Mudir sau biyu. Na farko ya ce ni na ce kwana biyu, ba shi ba. Na biyu na ɗaga masa murya, na gaya masa maganar da ba a gaya wa wanda fasfonka ke durowarsa, ya sa aka fitar da ni. Na daina cin abinci sosai. Ina tsayawa gaban kwamfutocin nan da safe ina roƙonsu a zuci kamar masu rai. Na tsani hasken fuskarsu, na tsani tabaran mutumin nan, na tsani ejan, na tsani biron da na sa hannu da shi. Kowa na tsana ban da wanda ya kamata.

Rana ta goma sha ɗaya, bayan la'asar a can, wayata ta yi ƙara. Tun kafin Kulu ta yi magana na ji muryoyin mata a bayanta.

"Yaya, sai haƙuri. Baba lokaci ya yi, da hantsi. An kawo shi gida, yanzu aka fita da shi."

Na ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Ban san sau nawa na faɗa ba. Ban yi kuka ba. Na tashi na bi layi ina kashe kwamfutoci ɗaya bayan ɗaya kamar kullum, na ɗauki jakata, na kai hannu bayan ƙofa na ja makunni ƙasa. Ina fitowa baranda na zauna a ƙasa.

Baba Adam ya same ni a haka. Bai tambaye ni sau biyu ba. Ya ɗaga ni da hannu ɗaya ya shigar da ni ɗakin nan da na yi ta gudu, ya zaunar da ni a kan dardumarsa. Ya yi wa Baba addu'a doguwa da Larabci, ya shafa, ya ce, "Allah ya jiƙansa. Uba ba ya da madadi, ya waladi, ɗana." Ya zuba mini shayi mai kanumfari ya riƙe mini kofin har na kurɓa. A nan kukan ya zo, na yi shi kamar yaro, shi kuwa yana zaune yana jan carbi bai ce in daina ba.

Sai da na lafa na lura da wani sauti da yake ta yi tun shigowata. Daga cikin akwatin ƙarfen da ke jikin bango yake fitowa, tsit, tsit, tsit, kamar kukan ɗan tsako.

Na ce, "Baba Adam, mene ne wannan?"

Ya ce, "Wannan? Ai kullum in ka kashe wutarka ka tafi haka yake yi. Yana yi har bayan magariba, sai ya gaji ya yi shiru, fitilunsa su mutu. Da safe in ka kunna sai ya tashi da gurnani. Ina ɗora ruwan shayi, kafin fitilunsa su gama dawowa kore ruwan ya tafasa."

Na ajiye kofin a hankali. Ba sai an yi mini bayani ba. Zanen ginin ƙarya ya yi, ko kuma mai haɗa wutar ne bai bi shi ba: akwatin nan a kan makunnin zauren yake. In na kashe da rana na ɗan lokaci, batiri yana riƙe shi, shi ya sa gwajina duk yake cin nasara. In na kashe da yamma na tafi, batirin ya yi ta kuka har ya ƙare. Da safe in na ɗaga makunni, suwic yana buƙatar wajen minti biyar kafin ya farka, su kuwa kwamfutocin cikin ƙasa da minti biyu sun tashi, sun yi sallama, ba a amsa ba, sun wuce. Kafin in zauna in gwada, hanya ta buɗe. Kwana goma sha ɗaya ina neman wanda ke toshe hanyar, ashe da hannuna nake toshe ta kowace yamma, har ina yi wa kaina madalla.

Na ce, "Me ya sa ba ka gaya mini ba?"

Ya dube ni da tausayi, ba da haushi ba. "Kai ne muhandis, kai ne injiniya. Na ce ko haka aikin yake. Kuma na yi ta kiranka shayi."

 Rashin sani ya fi dare duhu, amma nawa ba rashin sani ba ne kaɗai. Amsar tana bayan bango ɗaya, a bakin mutumin da ke jin yarena, kofin shayi guda ne tsakanina da ita.

Na tashi na koma na ɗaga makunnin, kukan ɗan tsakon ya tsaya. Na bi kwamfutocin ɗaya bayan ɗaya na cire saitin da na yi, na sa wa kowace agogo ta tashi da kanta ƙarfe bakwai, na kuma umarce su kada su wuce sai netwok ya amsa, komai daɗewarsa. Baba Adam yana biye da ni yana ja mini kujeru. A daidai lokacin ana zuba wa mahaifina ƙasa, ni kuwa ina danna maɓallai. Da muka gama muka yi magariba tare a kan darduma ɗaya. Da zan fita hannuna ya tafi bayan ƙofa da kansa, sai da na riƙe shi da ɗayan.

Washegari ƙarfe bakwai muna tsaye mu uku, ba wanda ya taɓa komai. Fuskoki sittin suka kawo haske, suka ɗan dakata, sannan kowace ta fara girka manhajarta. Mai duba aiki ya bi layi yana ƙirgawa, ya dawo ya sa hannu, karon farko ya yi mini murmushi. Duk abin bai kai minti goma ba. Mudir ya ji labarin rasuwar, ya fito daga bayan teburinsa ya rungume ni, ya ba ni fasfo da tikiti da kwalin dabino. Ya ce ni haziƙi ne, in dawo bayan wata guda zai ƙara mini matsayi. Na karɓi fasfon, na bar masa dabinon a kan kujera. Baba Adam ne ya raka ni har bakin titi. Ya ce in na je in ɗebo masa ƙasar Kano ko cikin leda ce, bai taɓa gani ba. Na ce to, alhali na san ba zan dawo ba.

Ba a sami jirgi da wuri ba, na iso ƙauyenmu ana gobe sadakar bakwai. Gero ya kai kafaɗa, an yi maimai ko'ina ban da rabin gonarmu, inda ciyawa ta tsaya daidai kunyar da Baba ya faɗi. Na wuce maƙabarta kafin in shiga gida. Ruwan sama ya riga ya kwantar da ƙasar kabarin, ƙayar da aka ɗora ta fara bushewa. Na daɗe a tsugune ina yin addu'ar da kowa ke yi.

A zaure mutane suka yi ta cewa haka Allah ya ƙaddara, ko ina nan ba zan hana ba. Gaskiya ne, na kuma yi imani da hakan. Ni ba hanawa na so in yi ba. So na yi in zauna a gefen gadonsa in riƙe masa kofin kunu. Wasu suka zagi Larabawa, wasu suka zagi ejan, na bar su suna zagi. Ban gaya wa kowa zancen makunni ba. Har yau Inna ba ta sani ba, cewa take injinan mutane ne suka riƙe mata ɗa.

Da yamma Kulu ta ja ni gefe kusa da rumbu. Ta ce da safiyar ranar rasuwar, kafin ya daina magana, Baba ya buɗe ido ya dubi ƙofar ɗakin asibitin ya ce, "Isyaku ya iso?" Ta ce tun da take ba ta taɓa jin sunan a bakinsa ba, har sai da ta waiga ta ga ko wani yake nufi.

Magariba ta gabato, tsakar gida ta fara duhu, na ga maƙwabta duk da haske mu babu. Na tambaya ko an yanke mana ne. Inna tana zaune a bakin ƙofarta cikin mayafin takaba, ba ta dube ni ba, ta yi magana kamar da bango take.

"Shi ya cire da zai tafi gona ran nan. Ba wanda ya iya taɓawa. In an huta a mayar mana."

Na je gindin bango. Katawut ɗin yana kan taga inda ya saba ajiye shi, ƙura ta ɗan hau kansa, gefensa ya yi santsi saboda yawan riƙo. Na ɗauka na goge shi da bakin rigata. Na daɗe a tsaye da shi a hannu, har Kulu ta leƙo ta ga ko lafiya. Sannan na mayar da shi, ƙwan ɗakin Baba ya kama, don shi kaɗai ne aka bari a kunne.